Rabin cokali na ruwan maɗaciyar Inna

Ƙaiƙayi ne ya fitar da mu daga gida. Idon Inna ya kai wata guda da komawa ruwan ɗorawa, amma a ƙauyenmu da ke bayan Gumel wannan bai isa a tayar da hankali ba. Shawara ce, kowa ya san ta, kowa kuma yana da maganinta. Aka jiƙa mata saiwar rawaya, aka hana ta mai da nama, aka ja mana kunne kada mu kuskura a yi mata allura, wai shawara ba ta shiri da allura. Sai barci ya gagara. Cikin dare ina jin ta tana kartar bayanta da totuwar masara, da safe in ga zanenta da ɗigon jini. Sau biyu kuma zazzaɓi ya kama ta da rawar sanyi har haƙoranta na haɗuwa, ga ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama da ke sa ta dunƙule kamar ƙwarya.

Ni ce 'yar fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" ce ko "'yar nan". Babanmu ya rasu, magana tana hannun Kawu, yayanta. Ni kuwa tunda ina koyarwa a firamare, duk wata takarda a gidan nan ni ake miƙa wa.

A asibitin gwamnati na kusa da mu likitan ya yi wata tambaya da ban taɓa tunaninta ba, wai wane launi bayan gidanta yake. Inna ta sunkuyar da kai, da ƙyar ta ce fari-fari ne kamar farar ƙasa, fitsarin kuma kamar baƙin shayi. Ya gyaɗa kai ya tura mu hoton ciki. Da sakamako ya fito ya zana mana abin a bayan kati, kuma da hantar rago ya yi misali, shi ya sa Inna ta riga ni ganewa.

Hanta ce ke yin ruwan ɗaci, daga rabin lita zuwa kusan lita guda kowace rana. Maɗaciya, wadda wasu ke ce wa matsarmama, ma'ajiya ce kawai, 'yar jakar nan da ke manne a jikin hanta. Ruwan yana gangarowa ta wani siririn bututu, ya ratsa ta kan wani nama mai tsayi da ke kwance bayan tumbi, wanda likitoci ke kira fankiriyas, sannan ya zuba cikin hanji ya taimaka wajen narkar da maiƙo. Shi ne ke ba bayan gida launinsa. Duwatsu sun taru a maɗaciyar Inna, ɗaya ya zame ya toshe bututun. Faɗin bututun lafiyayye bai cika wuce milimita 6 ba, nata ya kumbura ya kai 14. Ruwan da ya rasa hanya ya koma cikin jini, shi ya rina ido, shi ya rina fitsari, shi ke cizon fata. Likitan ya ce shawara ba ɗaya ba ce. Akwai ta fashewar jini kamar ta masu sikila, akwai ta ciwon hanta ita kanta, akwai kuma ta toshewa, kuma ita wannan ta ukun ko tulu guda na jiƙo aka sha dutsen yana nan inda yake. Ya rubuta mana takardar zuwa asibitin koyarwa a Kano.

Ranar Alhamis ƙanena ya kai raguna biyu kasuwar Maigatari, muka haɗa da kuɗin riɗin da ba mu yi niyyar sayarwa da wuri ba. Muka bi ta Gujungu da Ringim da Gezawa, muka sauka 'Yankaba Inna na jingine a kafaɗata.

Kwana tara muka yi a ɗakin mata kafin a shiga da ita. Allurar da aka yi ta tsoratar da mu da ita, ita aka fara yi mata ba dare ba rana, saboda ruwan da ya tsaya ya kama ƙwayoyin cuta, su ne masu kawo rawar sanyin nan. Aka ƙara da allurar bitamin K. Nas ta ce idan ruwan ɗaci bai isa hanji ba jiki ba ya iya tsotsar wannan bitamin, jini kuma ba ya daskarewa da wuri, ba a yanka mutum a haka. Aka ce mu kawo jini leda biyu. 'Yan'uwana maza uku suka zo, aka karɓi jinin mutum biyu, aka kira na ukun gefe aka ce yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, ga shi ƙato lafiyayye yana noma. Sai a 2004 aka sa rigakafinsa cikin alluran jarirai a Najeriya, shi kuwa an haife shi kafin nan da shekaru. Wannan wata tafiyar ce daban, har yau muna kanta.

Ana saura kwana biyu aiki wani matashin likita ya zo da la'asar, ya ja kujera ya zauna kusa da gadon. Mun san shi, yana cikin masu bin babban likita zagaye da safe. Ya gaida Kawu, ya gaida Inna, sannan ya ce, "Mama, alfarma na zo nema. Idan kika ce a'a, aikinki yana nan jibi, babu abin da zai canza."

Ya ce yana neman ƙwarewa a fannin tiyata, kuma kafin a ba mutum matsayin babban likita sai ya yi bincike ya rubuta ya kare a gaban malamai. Nasa a kan masu toshewar bututun ɗaci ne. Idan an buɗe ciki zai zuƙi ruwan ɗacin kamar rabin cokali a sirinji, a kai ɗakin gwaji a ga waɗanne ƙwayoyin cuta ke ciki da maganin da ke kashe su. Zai yi mata tambayoyi, zai riƙa duba ɗinkin, zai kuma kira mu bayan kwana 30.

Kalma biyu ya faɗa da suka ɓata komai a wurin Kawu, bincike da gwaji. A ƙauye bincike na 'yan sanda ne, su zo su ɗaga katifa. Gwaji kuwa, Kawu yana dako a Kano a 1996, shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna, lokacin da kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce bai yi laifi ba, cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a har 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Kawu bai riƙe lissafin nan ba, ni na nemo shi daga baya. Abin da ya riƙe shi ne an taɓa zuwa da farar riga da murmushi an yi gwaji da 'ya'yan talakawa. Duk wanda zai yi wa mutumin ƙasar Kano maganar gwajin asibiti ya san da wannan tabon, ko ya ambata ko bai ambata ba.

Ya ce, "Likita, magani muka zo nema, ba gwaji ba. Kuma ni ne babba a nan, ni za ka tambaya."

Likitan bai ɗaga murya ba. "Haka ne, Baba, da kai za a yi shawara. Amma jikin nata ne, dole in ji daga bakinta."

Inna da ke kwance tana sosa hannu ta ce, "Shawara a kan shawara ke nan." Har matar gadon kusa sai da ta yi dariya.

Ya bar mana takardar, shafi uku, da Turanci da Hausa, ya ce mu kwana da ita. A nan na gane takardu biyu ne daban. Akwai ta yardar yin aiki, wadda ba makawa sai an sa mata hannu kafin a taɓa mutum da wuƙa. Akwai wannan ta binciken, wadda ganin dama ce. Da a haɗe aka kawo su ranar aiki da safe, da mun dangwala duka ba mu san mun yi ba.

Da dare na fita baranda inda fitila ta fi haske na karanta ta sau uku. Hausar ciki ba ta mutane ba ce, an bi Turancin ne kalma bayan kalma, har sai na leƙa na Turancin nake gane abin da na Hausar ke nufi. Da Kawu aka karanta wa ita yadda take, da ya ƙara tsorata, kuma ina ganin wannan sakaci ne, don masu dangwala yatsa su ne suka fi buƙatar a yi musu magana a fili. Amma abin da ke ciki ba shi da laifi. Ba za a ba ta sabon magani ba. Ba za a ƙara tsawon yanka ba. Za a cire sunanta a sa lamba. Ba za a biya ta ko sisi ba, ba za ta biya kuɗin gwajin ruwan ba. Tana iya fasawa ko bayan ta yarda. Wani kwamiti na asibitin ya duba tsarin ya amince kafin a fara, ga lambar wayarsu idan muna da ƙorafi. Daga baya na karanta cewa waɗannan sharuɗɗa ba kirkin likitan ba ne kawai, ƙa'ida ce da ta faro daga shari'ar likitocin Jamus bayan yaƙin duniya na biyu, a 1947, likitocin duniya suka ƙarfafa ta a Helsinki a 1964, Najeriya kuma ta fitar da nata kundin a 2007, bayan abin da ya faru a Kano.

Da safe na mayar wa Inna da shi cikin Hausarmu. Tambayoyinta ba irin nawa ba ne. Da likitan ya dawo ta ce, "Ɗan nan, ruwan da za ka ɗiba, in ba ka ɗiba ba ina za shi?"

"Zubarwa za a yi, Mama."

"Me za ka ba ni?"

"Ba komai, sai godiya. Ba ma lallai ke ki amfana ba, na bayanki ne za su fi amfana."

Ta yi shiru, sannan ta juya wajen Kawu. "Yaya, shekara nawa ina yanke abin nan daga hantar layya ina jefawa bayan danga? Ko kare ba ya ci. In yaron nan zai yi karatu da shi, a ba shi. Da ya ce zai ba ni kuɗi ne da na san da wata a ƙasa."

Kawu ya ce tunda ta faɗa shi ke nan, amma shi ba zai sa hannu ba. Ba a ma buƙaci nasa ba. Aka kira wata nas da ba ta cikin aikin binciken ta tsaya shaida, Inna ta dangwala babban yatsa a tawada, shuɗi a kan fata mai ruwan ɗorawa, ni na sa hannu a ƙasa. Aka ba mu kwafi ɗaya.

Tambayoyin sun ci kusan awa guda, kuma tun da muka fara yawon asibiti wannan ne karo na farko da wani ya zauna ya ji labarin daga farkonsa. Shekarunta nawa? Ba ta sani ba, amma an kai ta ɗaki shekarar da aka kashe Murtala, likitan ya rubuta 1976 a gefe ya yi lissafinsa. Haihuwa nawa? Tara, shida na raye. Yaushe ciwon cikin ya fara? A nan na ji abin da ban sani ba, ashe ta fi shekara uku tana jin sa duk ranar da ta ci abu mai maiƙo, tana cewa olsa ce tana shan kanwa. Me ta sha kafin zuwa asibiti? Ta kalle ni, na kalle ta, don mun saba a yi mana faɗa. Ya ce ba faɗa zai yi ba, rubutawa zai yi, kuma ƙarya za ta ɓata masa aiki. Ta lissafa rawaya da sauran jiƙe-jiƙe har da rubutu. Sati nawa tsakanin canjin ido da zuwa asibiti? Na ce biyar. Ya rubuta 5 cikin ɗan akwati bai ce komai ba, ni kuwa lambar nan ta tsaya mini a wuya, don ni ce mai boko a gidan kuma ni ma ina cikin masu jiƙa rawayar.

An gaya mana akwai hanyar da ake zura bututu mai kyamara ta baki a ciro dutsen ba tare da yanka ba, akwai kuma cire maɗaciya ta 'yan ƙananan huji. Mu dai aikin buɗewa ne ya samu gare mu. Daga sha biyun dare ba ci ba sha. Da safe na cire mata 'yan kunne da awarwaro na ƙulle a bakin mayafina, aka tura ta. Kawu ya zauna ƙarƙashin darbejiya da carbi, har azahar bai ce da kowa uffan ba.

Ta fito da yanka a karkace ƙarƙashin haƙarƙarin dama da robobi biyu a gefen ciki. Babban likita ya miƙo mana wata 'yar kwalba. Duwatsu goma sha ɗaya ƙanana masu kusurwa kamar an feƙe su, daga cikin maɗaciya, da wani guda mai girman gurjiya, baƙi-baƙi, wanda aka zaro daga bututun. Kawu ya karɓa ya ɗaga wa haske, ya girgiza, suka yi ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Ya ce, "Yanzu mutum zai rayu ba maɗaciya?" Likitan ya ce tun 1882 ake cire ta, a Jamus aka fara, hanta za ta ci gaba da yin ruwanta yana zuba hanji kai tsaye. Ita maɗaciyar an kai ta a duba a ƙarƙashin madubi, wannan kowa ake yi wa, ba ya cikin bincike. Na binciken sirinji ɗaya ne da ban ma gan shi ba.

Ɗaya daga robobin nan kanta yana cikin bututun ɗacin, ɗaya bakin yana zuba cikin leda a gefen gado, don bututun ya huta ya warke. Kowace safiya ana auna abin da ya taru, ni ma ina rubutawa a littafin da na zo da shi don shirin darasi. Kwanakin farko ruwan ya fito da duhu da gurɓata kamar ruwan kududdufi, sannu a hankali ya washe ya koma kamar zuma. Ƙaiƙayin ya lafa tun kafin ido ya fara washewa. Ranar da bayan gidanta ya dawo da launinsa nas ta yi mana barka, Inna ta ja zane ta rufe fuska.

Matar gadon kusa daga wajen Haɗejia aka kawo ta. Idonta ya fi na Inna rina, amma ita ba ciwo ba zazzaɓi, sai rama. Da farko na ɗauka tata ta fi sauƙi. Ashe irin wannan shirun shi likitoci suka fi tsoro. Ƙari ne ya fito a kan fankiriyas ya matse bututun daga waje. Akwai babban aiki da ake cire wurin gaba ɗaya, mai sunan wani likitan Amurka, Whipple, da ya bayyana shi a 1935, amma sai an kama abin da wuri, nata kuwa ya riga ya bazu. Hanya kawai aka sake wa ruwan ya kewaye toshewar ya shiga hanji, don ta samu sauƙin ƙaiƙayi ta iya cin abinci.

Ita ma an kawo musu takardar binciken, mijinta ya ce a'a, ita ma ta ce abin da ya ce. Ba zan ɓoye ba, na sa ido. Ina so in ga ko maganar "babu abin da zai canza" ta fatar baki ce. Likitan nan dai shi ke zuwa ya buɗe ɗinkinta kamar yadda yake buɗe na Inna, ya tambaye ta barci, ya tsokane ta a kan kifin Haɗejia. Bambancin da na gani ɗaya ne, in ya gama da Inna yana cike wata takarda, in ya gama da ita ba ya cikewa. An sallame su kafin mu, ta bar wa Inna ragowar sabulunta da mafici.

A rana ta huɗu sakamakon ruwan ya fito. Ƙwayar cuta ce irin ta hanji, wadda suke kira E. coli, kuma allurar da ake yi mata tun farko tana kashe ta, don haka ba a canza komai ba. Kawu ya ce, "To me aka yi ke nan?" Likitan ya ce mutum ɗaya ba ya nuna komai, sai an tara da yawa ake gane wane magani ya kamata a fara da shi kafin sakamako ya fito, da kuma wanda ya daina aiki a nan wurinmu, don abin da aka rubuta a littafin Ingila ba lallai ya dace da ƙwayoyin cutar Kano ba. Kawu ya ce Allah ya taimaka, irin faɗar da ba ta nuna an gamsu.

Rana ta goma sha biyu aka zuba wani ruwa ta robar aka ɗauki hoto, aka ga hanya a buɗe har hanji, ba sauran dutse. Aka ɗaure robar aka ga ba ciwo ba zazzaɓi, daga baya aka zare ta a kan gado, kafin Inna ta gama salati an gama.

Abin da ya rage mini a rai shi ne ba wanda ya ce zai gaya mana abin da aka gano a ƙarshe. An karɓi labarin Inna tun daga ranar aurenta, an mai da ita lamba, lambar ta shiga littafin da za a kare a gaban malamai a ajiye a kanta. Ko da saƙon waya ne na layi biyu da Hausa, ya kamata waɗanda suka dangwala yatsa su ji. Na gaya wa likitan haka ranar sallama, ya ce ina da gaskiya, ya rubuta a bayan hannunsa da biro.

Ranar kwana 30 cif ya kira, da hantsi. A gidanmu waya ba ta kamawa sai an hau tudun bayan rijiyar burtsatse, don haka na riƙo hannun Inna muka hau a hankali. Ɗinkin ya yi ruwa? A'a. Zazzaɓi? Babu. Ido fa? Na duba na ce saura kaɗan a gefe-gefe. Sai ta karɓe wayar ta kanga a kunne a juye, na gyara mata. "Ɗan nan, ka ci jarrabawar?" Ya ce da saura, Mama, sai ya tara mutane. Ta ce to ya yi ta tarawa, ya kuma gaida matar nan nas mai faɗa.

Kwalbar duwatsun tana cikin samirar da take ajiye kuɗin adashi, duk wadda ta zo dubiya sai an fito da ita an girgiza mata. Da babbar salla ƙanena ya yanka rago, aka kawo wa Inna hanta a faranti kamar kullum. Ta sa wuƙa ta ɓanɓare maɗaciyar a hankali don kada ta fashe ta ɓata naman, ta nufi bayan danga da ita. Sai na ga ta tsuguna, ta tsaga ta a kan wani fasasshen kasko, tana tona koren ruwan da tsinke. Ta ɗago ta ce, "Ke, wannan nasa ba komai ciki."